Yadda Ake Gane Ciwon Huhu Na PCP Da Wuri A Nemi Magani

Da zarar hunturu ya kankama a Zariya, kusan kowa tari yake yi, shi ya sa ake saurin cewa ƙura ce, zai wuce. Amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, akwai tarin da ba a yi masa wannan uzuri. Likitoci na kiran ciwon PCP, kuma wata ƙwaya dangin funfuna mai suna Pneumocystis jirovecii ce ke kawo shi. Mai ƙoshin lafiya kan shaƙe ta, jikinsa ya gama da ita bai ma sani ba.

Da farko a duba wa ke tarin. Mai HIV da ƙwayoyin CD4 ɗinsa, wato sojojin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a gwajin jini, suka yi ƙasa da 200, mai jinyar ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda ya daɗe yana shan prednisolone ko dexamethasone, magungunan da ke raunana garkuwar jiki. A nan nake ji wa 'yan matanmu masu sayen irin waɗannan magunguna da sunan "sha ka fashe" a kemis tsoro, domin ƙibar da suke nema da garkuwar jikinsu suke biyan ta.

Sai a lura da tarin. Busasshe ne, ba kaki, ga zazzaɓi, ga haki da ke ƙaruwa a hankali cikin makonni. Mutumin da ya saba takawa masallaci sai ka ga ya tsaya a lungu ya dafa katanga, magana ma sai ya yanke ta ya ja numfashi. In an kai nan, a bar maganin tari na kwalba.

A kai shi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, a faɗa wa likita gaskiya, har magungunan da ake sha a ɓoye. Za a maƙala masa 'yar na'ura a yatsa a auna iskar jininsa, a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin tarin fuka. Ko gwajin bai nuna tarin fuka ba, kada a koma gida a miƙe ƙafa.

Maganinsa Septrin ne, amma da yawa, bisa nauyin jiki, tsawon kwana 21, don haka ba abin saye a kemis ba ne. Bayan an warke, babban mutum kan ci gaba da shan ƙwaya ɗaya mai 960mg kullum don rigakafi, tare da maganin HIV in yana kai, har likita ya ce a daina. Idan ƙuraje suka feso a jiki ko baki ya yi gyambo, a tsayar da Septrin ɗin a koma asibiti a ranar.