Yadda Za Ka Ci Moriyar Kuɗin Abincin Da Ka Biya A Disney World

Mun kwana biyar a Disney World, wurin wasanni da shaƙatawa da ke kusa da Orlando, jihar Fulorida, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma tun kafin mu tashi na biya kuɗin abincinmu gaba ɗaya ta tsarin da ake kira Disney Dining Plan. An dakatar da wannan tsari a 2020 saboda annobar korona, aka dawo da shi a Janairun 2024, kuma sai wanda ya sauka a otal ɗin Disney ne zai iya saya.

Ka fara da lissafi. Babban tsarin yana ba kowane mutum, a kowane daren kwana, cin abinci ɗaya na zama a kawo maka, ɗaya na tsayawa a kanta ka karɓa, da abin taɓawa ɗaya. A 2024 kuɗin babban mutum ya haura dala 90 a dare. Yaro daga shekara 10 kuɗin babba ake caji, ko da cinsa bai kai na tsuntsu ba. Ɗana yana da 10 a lokacin, kuma a kansa ne muka fi asara. In yaranka 'yan shekara 3 zuwa 9 ne masu ci, to tsarin ya fi yi maka riba.

Ba dole ka cinye rabon kowace rana a ranarsa ba. Rabon abincin a matsayin maki yake zuwa, ana zuba maka makin duka tun ranar isowa, yana aiki har tsakar daren ranar tafiya. Don haka kada ka kashe maki a karin kumallo, shi ne mafi arha. Mu burodi da madara muka riƙa ci a ɗaki, muka adana makin don abincin dare.

Makin zama kuwa, ka kai shi inda abinci ya fi tsada amma maki ɗaya ake cira. Gidajen abinci na Chef Mickey's da Tusker House irin waɗannan ne: ka ci iya cinka, mai shigar Mickey Mouse, ɓeran katun na Disney, ya zo har teburinka. 'Yata ta riƙe hannunsa ta ƙi saki, shinkafarta ta huce a faranti. Gidan abinci na Cinderella's Royal Table maki biyu yake ci, ni ban ga ya kai ba. Ana buɗe ajiye tebur kwana 60 kafin zuwa, kuma wuraren nan da wuri suke cika.

Kuɗin giya na cikin farashin manya. Mu ba ma sha, saboda haka kowane ci sai mu nemi haɗin madara da askirim ko na 'ya'yan itace maimakon lemon kwalba. Tukuicin ma'aikaci baya ciki, ka ware masa kuɗi daban.

Kada ka sayi ruwan gora da makin abin taɓawa. Kantunan abinci suna ba da kofin ruwan sanyi kyauta. Kofin abin sha da tsarin ke ba kowa kuwa, a otal kaɗai ake sake cika shi, ba a cikin filin wasa ba.

Ka riƙa duba ragowar makinka a manhajar My Disney Experience kowane dare. Ni na yi sakaci, sai ranar tafiya na tarar da maki bakwai na abin taɓawa, muka tsaya a shagon otal muna cusa alewa a jaka, mota na jiranmu a waje.