Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Mayar da Wayar Gida Kan Intanet a Birtaniya

Tsohon layin tarho na jan ƙarfe ya kusa zama tarihi a Birtaniya. Kamfanin Openreach, wanda yake kula da mafi yawan wayoyin da suke shiga gidaje, ya daina sayar da sabon layi irin na da tun watan Satumba na 2023, kuma wa'adin kashe tsohon tsarin baki ɗaya, wanda da farko aka sa ƙarshen 2025, an ɗage shi zuwa ƙarshen Janairun 2027. Duk mai wayar girke a gida dole ne ya koma kira ta intanet, ko dai ta hannun kamfanin da yake tare da shi, kamar tsarin Digital Voice na BT, ko kuwa ta wani kamfani daban da ya fi araha. Mutanenmu mazauna Landan da Manchester da Birmingham sun yi ta sauyawa, ni kuma da yake ina taɓa irin wannan aiki, ba a cika tunawa da ni ba sai bayan abu ya riga ya lalace. Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana maimaituwa daga wannan gida zuwa wancan, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su.

Tushen matsalolin guda ne. Tsohon layi yana zuwa da wutarsa, kimanin volt 50 da ake turowa daga ofishin sadarwa ta cikin wayar kanta, kuma yana ɗaure da adireshi ɗaya da ba ya canzawa. Kira ta intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Abin da kamfani yake ɗauke maka a da ba tare da ka sani ba, yanzu ya dawo wuyanka.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne soke tsohon layi kafin a kammala ɗauko lambar zuwa sabon kamfani. Mutum yana ganin tun da ya yi rajista da sabon kamfani, ladabi da tsari su ne ya buga wa tsohon ya sallame shi, don kada ya biya kuɗi biyu a wata ɗaya. Wannan sakin na hannu ne a kama na guje. Ƙa'idar ita ce sabon kamfani ne yake neman lambar daga tsohon, kuma yana samunta cikin sauƙi ne muddin layin yana raye. Ranar da lambar ta sauka a sabon wuri, tsohon layi kan rufu da kansa.

A gidana wannan ya faru, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Wani ɗan yayana da yake zaune tare da mu yana karatu ya ga takardar biyan kuɗi a kan tebur, ya san muna shirin sauyawa, sai ya zauna a kwamfutar gida, inda asusun yake buɗe, ya soke layin da niyyar taimako. Da yamma ya tare ni da fara'a ya ce, "Baffa, na sauƙaƙa maka, na rufe musu." Lambar nan ita ce a jikin katin sana'ata, ita ce a wurin likitanmu da makarantar yara, ita ce kuma dattawanmu na gida suka haddace tun ba su da wayar hannu. Na yi ta bugawa ina roƙo, wannan ma'aikaci ya tura ni wurin wancan, daga ƙarshe aka ce lambar ta koma hannun kamfanin da ya mallake ta tun asali, babu abin da za a iya yi. Abokan ciniki da dama sun ɗauka na daina aiki ne, suka koma wani wuri, wasunsu ba su dawo ba. A lokacin babu wata kariya. Daga watan Afrilu na 2023 hukumar Ofcom, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa a Birtaniya, ta wajabta wa kamfanoni su bar wa mutum damar ɗaukar lambarsa har tsawon wata guda bayan rufe layi, amma ina gargaɗin kowa kada ya jingina da wannan. Wata guda ba ya da wuyar ƙarewa idan aka ƙi karɓar buƙatarka sau ɗaya ko biyu, kuma a duk tsawon lokacin wanda ya buga maka ba zai same ka ba.

Ƙin karɓar buƙatar kuwa ya fi yawa a tsakaninmu fiye da yadda ake zato, saboda dalilin da bai kai ya kawo ba. Suna da lambar unguwa, wato postcode, da lambar asusu dole ne su yi daidai da abin da yake rubuce a takardar tsohon kamfani, harafi da harafi. Maigida ya buɗe layi shekaru da suka wuce da sunan Mohammed, yanzu ya cike takarda da Muhammad, ko kuwa layin yana da sunan uwargida shi kuma ya sa nasa, ko an taɓa sauya gida ba a gyara adireshi ba. Na'ura ce take dubawa, ba ta san uzuri ba. Ni dai al'adata ita ce in ajiye takardar biyan kuɗi ta ƙarshe a gabana in kwafe duk abin da yake ciki, ko da kuskure ne a rubuce.

Akwai wani tarko a maƙale da wannan, wanda masu tallan kira mai araha ba sa son ambatawa. Idan intanet ɗin gidanka yana tafiya ne a kan tsohon layin tarhon, ɗauke lambar yana iya sa a rufe layin gaba ɗaya, intanet ya tafi tare da shi, ka wayi gari kana da sabuwar wayar da take buƙatar intanet alhali babu intanet a gidan, wani lokaci har da tarar karya kwantiragi. Kafin a taɓa komai, a tambayi kamfanin intanet a rubuce abin da zai faru idan lambar ta fita, a kuma nemi ya mayar da kai tsarin intanet zalla wanda bai dogara da layin tarho ba. Yadda nake yi shi ne in fara karɓar lambar wucin gadi daga sabon kamfani, a yi kira da ita a gidan har hankalina ya kwanta da ingancin muryar, sannan in nemi a ɗauko ta asali. Na san wasu suna ganin wannan ɓarnar 'yan fam ce. Ni ban taɓa nadamar kashe su ba.

Kuskure na biyu bai tsaya kan dukiya ba, rai yake taɓawa, kuma a nan ne nake son masu iyaye tsofaffi su saurara da kyau. Idan aka ɗauke wuta, rauta, wato akwatin da yake raba intanet a gida, ta mutu, wayar ma ta mutu, har da kiran gaggawa na 999. A gidan da aka sa kebul na gilashi, wato fibre, ƙaramin akwatin da yake jikin bango shi ma wuta yake ci, haka nan mazaunin wayar da ba ta da igiya. Mu da muka taso inda ɗauke wuta ba labari ba ne, mu ya fi cancanta mu fara tunanin wannan, amma da zarar mun zauna a nan sai mu ɗauka wuta ba ta tafiya. Tana tafiya. A watan Nuwamba na 2021 guguwar Arwen ta bar gidaje kusan miliyan 1 cikin duhu, wasu sun haura mako guda, kuma a wurare da dama turakun wayar hannu su ma sun ɗauke. Koke-koken da suka biyo baya suna cikin abin da ya sa BT ya dakatar da sauya wa mutane layi na wani lokaci a 2022.

Na taɓa zuwa gaishe da wata Hajiya mai yawan shekaru da take zaune ita kaɗai. A wuyanta akwai ɗan maɓallin nan ja da ake rataya wa tsofaffi don su danna idan sun faɗi, a kan kantar da take bakin ƙofa kuma ga farin akwatin da yake buga waya zuwa cibiyar agaji. 'Ya'yanta, da suke wani gari, sun mayar mata da lambar kan intanet saboda araha, sun aiko da adafta mai haɗa tsohuwar waya da intanet, maƙwabci ya jona wa wayar, kowa ya yi murna. Da na bi igiyar farin akwatin da hannu, sai na tarar har yanzu tana soke a tsohon soket na bango, wanda babu komai a cikinsa. Fitilar akwatin tana ci, maɓallin yana rataye, Hajiya tana kwana tana tashi da tabbacin cewa idan ta faɗi a banɗaki za a ji ta. Na ce, "Hajiya, yaushe aka gwada wannan?" Ta ce, "Ai yaran sun ce an gama komai." Allah ne kawai ya tsare.

Ba na ganin wani uzuri a nan. Wanda ya iya zama ya kwatanta farashin kamfani biyar don ya rage fam kaɗan a wata, ya iya buga waya ɗaya zuwa ga masu akwatin agajin mahaifiyarsa. Ba zancen ƙila-wa-ƙala nake yi ba, domin a watan Disamba na 2023 gwamnatin Birtaniya ta sa manyan kamfanonin sadarwa sun rattaba hannu kan alƙawarin daina sauya wa masu irin wannan na'ura layi sai an tabbatar tana aiki, bayan da aka samu mutanen da nasu ya gaza a lokacin da suka fi buƙatarsa. Sai dai wannan alƙawari yana ɗaure kamfanin da yake sauya maka layi ne. Idan kai da kanka ka ɗauke lambar zuwa wani ƙaramin kamfani, babu wanda zai zo ya duba maka. A sanar da masu akwatin, wanda sau da yawa ƙaramar hukuma ce ko hukumar gidajen haya, tun kafin ranar sauyi. Jona tsohon akwati da adafta ma ba tabbas ba ne, domin sautukan da yake aikawa ba kullum suke isa daidai ta intanet ba. Ni ra'ayina a nemi sabon akwati mai siminsa da batirinsa, a kuma danna maɓallin a gaban idonka, ka ji muryar mutum ta amsa. Haka nan ƙararrawar ɓarayi mai buga waya da tsohuwar na'urar karɓar kuɗi ta kati a shago, duk a tambaya.

Tun 2018 Ofcom ta ce dole kamfani ya samar wa wanda ya dogara da wayar girke hanyar kiran agaji ta aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke, kyauta, amma kamfani ba zai san halinka ba sai ka gaya masa. Awa ɗaya kuma ba ta isa ba a ganina. A gidana rauta da adafta suna kan batirin ajiya, kuma duk shigowar hunturu nakan zare filogi daga bango in ɗaga waya in ji ko tana da rai. A aljihun tebur akwai ƙaramar wayar hannu mai maɓallai, cike da caji, da simin wani kamfani daban da wanda muke amfani da shi.

Adireshi ma haka. Mai amsa kiran gaggawa yana ganin adireshin da ka rubuta wa kamfani ne, ba inda kake tsaye ba. Wanda ya tashi daga Leeds ya koma Coventry ya jona adaftarsa ba tare da ya gyara ba, yana iya sa a tura motar asibiti tsohon gidansa. 'Yan'uwanmu na Amurka su ma wannan ya shafe su, domin tun 2005 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta wajabta wa kamfanonin kira ta intanet haɗa kiran 911 da adireshin da aka yi rajista. A duba adireshin a asusu, kada a gwada da buga lambar gaggawa.

Sai batun kiran gida, wanda yawancinmu saboda shi muka sauya. Tallan da yake cewa kira zuwa ƙasashen waje ba iyaka yana da jerin ƙasashe a ƙasansa da ƙananan haruffa, kuma sau da yawa layukan girke kawai yake nufi. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 layukan NITEL kuma suka durƙushe, kusan duk wanda za ka kira a Kano ko Sakkwato ta salula za ka same shi. A nemi farashin minti ɗaya zuwa salula a 234, da 227 ga masu dangi a Nijar, a kuma duba ko akwai kuɗin haɗa kira. Kamfanin da arahar sa ta yi yawa kan bi ta hanyoyin da suke ɓoye lambarka ko su canza ta, sai Inna ta ga baƙuwar lamba ta ƙi ɗauka.

Sauran ƙanana ne. Ba ƙarfin intanet ne yake gyara murya ba, tun da kira ɗaya bai wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, tsayuwarsa ce, don haka a jona adafta da rauta ta igiya. Idan kana jin mutum shi ba ya jin ka, ko kira yana yankewa bayan 'yan daƙiƙu, a shiga saitin rauta a kashe zaɓin da ake kira SIP ALG, shi nake fara zargi kullum. Kada a soka adafta a soket ɗin bango don ta rarraba wa ɗakuna sai ma'aikaci ya raba wayoyin cikin gida da layin da yake shigowa daga waje. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a rufe kira zuwa ƙasashen da ba a bugawa, a kuma kashe cire kuɗi kai tsaye marar iyaka, domin ɓarayin asusu da dare suke aiki. Lambobin da aka adana a wayar ba tare da lambar gari ba a sake rubuta su cikakku, saboda yawancin tsarin intanet haka yake buƙata. Saƙonnin murya da suke ajiye a wurin tsohon kamfani ba sa biyo lamba, duk wanda yake da mai muhimmanci ya naɗe shi kafin ranar sauyi. Wanda kuma ya bugo wa tsoho yana cewa sai ya ba da lambar katin banki kafin a mayar masa da layi kan intanet, ɗan damfara ne, a ajiye wayar a buga wa kamfanin ta lambar da take jikin takardar biyan kuɗi.