Kurakuran da ake tafkawa wajen mai da cibiyar matasa mafakar ambaliya

Duk shekara da zarar NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ta fitar da hasashen damina, sai kwamitocin unguwa su zabura: "Ai muna da cibiyar matasa, can za mu kwashe mutane." Shi ke nan, wai an gama shiri. Na gaji da jin wannan magana.

Ba mai tambaya ko ginin kansa a tudu yake. Ɗakunan taro da filayen ƙwallo da yawa a kwari aka yi su, don nan ne filin da ba mai so. Ku je ku dubi bangon bayan ruwan Agusta. In shatin laka ya kai gwiwa, ku nemi wani wuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne makulli. Wata damina ruwa ya shigo mana da tsakar dare. Mata da goyo, tsofaffi ana riƙe da su, duk muka yi cirko-cirko a ƙofar cibiya, ashe mai makullin ya tafi biki ƙauye da shi a aljihu, wayarsa a kashe. Sai da guduma aka ɓalle kwaɗon, ruwa na dukanmu. Haba jama'a, riƙon makulli sarauta ce? Ni yanzu uku nake sa a yanko: ɗaya gun mai unguwa, ɗaya gun liman, ɗaya gun wata dattijuwa da ba ta kwana ko'ina sai ɗakinta. Ku tuna cikin dare ruwan madatsar Alau ya afka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, mutane na barci.

Sai banɗaki. A tara ɗaruruwan mutane kan masai ɗaya, kusa da rijiya, sannan a yi mamakin ɓarkewar amai da gudawa. Tun kafin ruwa ya sauka nake sa a yashe masai, a ajiye jarkoki masu murfi, da sabulu, da gishiri da sukari. Ga haɗin da ake ba mai gudawa: cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Ku rubuta a bango.

Janareta a waje, hayaƙinsa na kisa. Labule tsakanin maza da mata, in ba haka ba matan aure ba za su zo ba. Sunayen masu ciki da marasa lafiya a littafi, domin waya cajinta na ƙarewa.

Masu cewa za a fake wa zafin Afrilu a can kuma, ɗakin kwano marar silin tanda ne. Ku kafa rumfar zana a gindin darbejiya, ku ajiye randa biyu.