Yadda Ake Renon Kiristal ɗin YBCO

Ƙanena, tunda an haɗa ka da tanderunmu na nan Jidda, ka fara da YBCO, wato haɗin sinadaran itiriyam da bariyam da tagulla da oksijin. Shi ne wanda Paul Chu da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1987. Idan sanyinsa ya kai digiri 92 a ma'aunin Kelbin, lantarki na ratsa shi ba turjiya ko kaɗan. Ruwan naitirojin kuwa yana kan 77, wato ya fi haka sanyi, ka ga ya wadatar wajen sanyaya shi.

Gari uku za ka auna: Y2O3 (na itiriyam) da BaCO3 (na bariyam) da CuO (na tagulla). Ka busar da su tukuna. Na bariyam da na tagulla su fi yawa ƙwarai, domin su ne za su narke su zama ruwan da kiristal zai tsiro a ciki. Ka niƙa su lukui, da safar hannu da takunkumi, don garin bariyam guba ne.

Kada ka yarda da kaskon alumina, wato wanda aka yi da haɗin alminiyam da oksijin. Narkakken yana cin jikinsa, alminiyam ya shiga gurbin tagulla ya lalata maka aiki. Kaskon BaZrO3 (haɗin bariyam da zakoniyam da oksijin) ya fi, in babu shi ka nemi na zakoniya (haɗin zakoniyam da oksijin).

Ka kai zafi wajen digiri 1000 na Salshiyas, ka bar shi ya narke sosai. Daga nan sai saukarwa, wato rage zafin, kuma a nan ne aikin yake: kada ta wuce digiri ɗaya a awa. Wanda ya yi gaggawa tsaki zai kwasa. Kwanaki za a yi, kada ka buɗe ƙofa don leƙe. Kafin ruwan ya daskare ka karkata kaskon ya tsiyaye. Za ka tarar da baƙaƙen falle masu sheƙi, 'yan milimita kaɗan.

Har yanzu ba su gama ba, oksijin bai ishe su ba. Ka mayar da su wuta wajen digiri 450, iskar oksijin na bi ta kansu, mako guda ko fiye. Ni wannan matakin na fi tsare wa.

Sannan ka liƙa wa kiristal ɗin wayoyi huɗu don auna turjiya, ka sanyaya a hankali, ka ga inda turjiya ta faɗi. Faɗuwa lokaci guda na nuna kiristal mai kyau. In ta faɗi a hankali, oksijin bai ratsa daidai ba, ka ƙara masa kwanaki.

Laimar Bahar Maliya tana ɓata YBCO, musamman a watan Satumba. Da ka gama awo, ka bari ya dawo ɗumin ɗaki cikin busasshiyar iska, ka rufe shi a kwalba tare da silika mai shanye laima.