Yadda Za Ka Wanke wa Tsoho Baki da Haƙoransa na Roba

Idan kana da tsoho a gida, ko a Agege ko Idi-Araba a Legas, kada ka bar masa wannan aiki shi kaɗai in hannunsa ya fara rawa.

Da farko ka wanke hannunka, ka zaunar da Baba ya jingina. Ya cire haƙoran roba da kansa in zai iya. Ka wanke su a kan roba mai ruwa, domin in suka suɓuce suka faɗi a siminti, sun tsage ke nan. Buroshi mai laushi da sabulu marar ƙamshi sun isa. Ruwan zafi kuwa yana lanƙwasa su.

Sai ka koma kan haƙoransa na asali. Ka sa man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), ka goge a hankali minti 2, musamman gindin haƙori inda jan goro ke taruwa. Ka bi dasashi da harshe. Ya tofar, kada ya kurkure, man ya zauna. Asuwaki yana da kyau, amma a tauna bakin asuwakin ya yi laushi sosai, dasashin tsoho ba ya son kaushi.

Safe da dare ake yi. Da dare haƙoran roba su kwana cikin ruwa, ba a baki ba.

Wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, don haka ka ajiye masa ruwa kusa. In ka ga gyambo a bakinsa ya wuce mako 2 bai warke ba, ko dasashi na zubar da jini, ku tafi sashen haƙori na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja.