Ka yi lissafi kafin ka nemi diyyar mota daga kamfanin inshora

Masu mota da yawa da nake hira da su a Kano suna gudun kai ƙorafi kamfanin inshora bayan hatsari, wai kada a ƙara musu kuɗi baɗi. Tsoron nan yana da tushe, amma sai ka fara duba wace irin takarda ce a hannunka.

Idan ƙaramar inshora ce, wadda doka ta wajabta, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai, to kwantar da hankalinka. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ta yanke farashinta. Tun 1 ga Janairun 2023 motar gida naira 15,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har ta naira miliyan 3. A Daidaita Sahu 5,000, babur 3,000. Ko ka bugi motar wani bara, da kai da wanda bai taɓa gogar kowa ba kuɗi ɗaya za ku biya. Shi ya sa yake ba ni takaici in ga magidanci ya sayar da ragon layyarsa ya gyara motar wani, alhali takardar da za ta biya tana cikin aljihun mota. Sharaɗin dai ta zama ta gaske. Shiga shafin askniid.org ka sa lambar motarka. In ba ta fito ba, koma wurin wanda ya yi maka ita tun kafin tsautsayi ya zo.

Cikakkiyar inshora, mai gyara taka motar ita ma, a nan ne neman diyya yake taɓa aljihu. Hukumar ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, bayan an cire kowane rangwame. Daga nan zuwa sama, kamfani ne ke duba tarihinka. Shekarar da ta wuce ba ka nemi komai ba, akan yi maka rangwame wajen sabuntawa. Ka nemi diyya, rangwamen ya ragu ko ya tafi gaba ɗaya. Wanda kuma yake zuwa a kai a kai, ana iya ɗaga masa farashi.

Akwai kuma kason da kai ne za ka fara biya a kowane gyara, yana rubuce cikin takardar yarjejeniya, kuma mutane ba sa karanta shi sai ranar da abu ya faru. Nemo shi yau.

Ga yadda nake lissafin. A ce motarka ta miliyan 6 ce, kana biyan 300,000 saboda rangwame, ba don shi ba da 360,000 ne. A ce kasonka 50,000. Ka goga bango, bamba ta tsage, mai gyara ya ce da kaya daga Ƙofar Ruwa da fenti 90,000. Kamfani zai ba ka 40,000, baɗi kuma ka rasa rangwamen 60,000. Biya da kanka ya fi. Amma in gaban motar ne ya shige, lagireto da fitilu da gilashi, gyara ya doshi miliyan, kada ka tsaya tunanin rangwame. Don irin wannan ranar kake biya.

A wurin hatsarin, bayan ka duba lafiyar mutane, ɗauki hotuna kafin a janye motocin: lambobinsu, inda suka daku, da yanayin titin. Karɓi lambar wayar wanda ya shaida. In akwai rauni ko ɓarnar ta yi yawa, a samu rahoton 'yan sanda. Yi wa mutum sannu da jaje yadda tarbiyya ta koyar, amma kada ka yi alkawarin biya ko ka sa hannu cewa laifinka ne, domin yarjejeniyar inshora takan hana hakan ba da izinin kamfani ba. Sanar da kamfaninka da wuri, ko da ka ƙudura gyarawa da kuɗinka, kuma kada bakanike ya taɓa motar sai sun aiko an duba.

In ɗayan ne mai laifi, nemi diyya daga kamfaninsa, naka rangwamen ya tsira.

Masu takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, irin na kamfanin Jaiz ko Noor, ku ƙara abu ɗaya cikin lissafinku. Rarar da ta saura a asusun mahalarta akan raba ta ne ga waɗanda ba su karɓi diyya a shekarar ba. Tambayi wakilinka yadda suke rabon, da nawa rangwamenka zai ragu in ka nema, ya rubuta maka amsar a takarda kafin ka sabunta.