Yadda Ake Yin Godiya a Makarantar Sakandare Kafin a Watse Hutu

Ranar da ake ba da hutu a makarantar kwana, tun da hantsi bakin ƙofa yake cika da motoci da babura. Ɗalibai suna fitowa da akwatunan ƙarfe a ka, bokiti a hannu, katifa a naɗe da igiya, iyaye kuma suna tsaye suna miƙa wuya, kowa yana neman nasa. Na shafe shekaru ina koyarwa a sakandare, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai a irin wannan rana shi ne maigadi. Yana riƙe da ƙofa yana duba takardar fita ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan mutane su wuce ta gabansa, amma da ƙyar za a sami ƴan kaɗan da za su tsaya su ce masa, "Baba, sannu da ƙoƙari." Alhali tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, babu uba ko uwa da ba su san nauyin da ke kan mutumin da yake kwana ido biyu a bakin ƙofar makaranta ba.

Godiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Kusan kowane yaro ya ji hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Abin da yake ƙaranci a makarantunmu shi ne tsari, wato a san lokacin da ya dace, a san wanda ya cancanta, a kuma san kalmomin da za a faɗa. Shekarar karatu a Najeriya zango uku ce: na farko yana ƙarewa a Disamba dab da Kirsimeti, na biyu a wajen Maris ko Afrilu, na uku kuma a Yuli, daga nan sai dogon hutu har zuwa Satumba. Sallah ƙarama da babba suna bin watan Musulunci, don haka duk shekara suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, kuma a 2025 jihohin Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi sun tsara kalandarsu ta yadda hutu ya faɗo a cikin watan azumi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta dama ce, domin a lokacin ne aiki ya kammala, aka ga abin da kowa ya yi.

Abu na farko, kuma wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne a jira sakamako ya fito. Duk kyautar da ta isa hannun malami a makon jarrabawa, ko a lokacin da yake zaune da jan biro yana duba takardu, ta sa shi cikin tsaka mai wuya, ko da mai bayarwa bai nufi komai ba sai alheri. Idan ya karɓa, sauran ɗalibai za su ce toshiyar baki ce, kuma idan yaron ya ci maki mai kyau da guminsa, an ɓata masa nasararsa da zargi. Idan ya mayar, ya kunyata dattijon da ya taso takanas ya kawo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓo zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Malamin da makin yaro yake hannunsa yana kusa ƙwarai da wannan matsayi. Saboda haka a bari a raba takardar sakamako tukuna, kuma ga ƴan aji shida masu zana jarrabawar WAEC a Mayu da Yuni da NECO a Yuni da Yuli, a bari su ajiye biro a takarda ta ƙarshe. Duk wani kuɗi da za a tara da sunan "godiya" ga masu sa ido a ɗakin jarrabawa kuwa, sunansa cin hanci, kuma bai kamata uba mai mutunci ya sa hannu a ciki ba.

Abu na biyu shi ne a ambaci aikin da ake godiya a kansa. "Mun gode da komai da komai" magana ce mai daɗi, sai dai malami yakan ji ta sau da yawa har ta daina shiga kunnensa. Wadda take zama a zuciya ita ce wadda ta nuna cewa an lura da wani abu takamaimai da ya yi. Ga ɗalibi, hanya mafi sauƙi ita ce ya yagi takarda daga tsakiyar littafinsa ya rubuta da hannunsa, da Hausa ko da Turanci, ko da layi biyar ne. Misali, yana iya cewa: "Malam, ni ne mai zama a layin baya kusa da taga a aji huɗu. Farkon zangon nan ba na gane aljabara ko kaɗan, kuma ina jin kunyar ɗaga hannu. Ranar da ka tsaya bayan an tashi ka sake yi mana bayani har sau uku ba tare da ka yi tsaki ba, ranar ce na fara ganewa. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa." Na san malamar da take ajiye irin waɗannan takardu a cikin tsohon gwangwanin alewa a ƙasan akwatinta, wasu har sun yi ja saboda daɗewa, kuma ta taɓa gaya mini cewa a watannin da albashi ya makara, su take ɗaukowa ta karanta kafin ta shirya darasin gobe.

Kafin ranar hutu da mako ɗaya, yana da kyau malamin aji ya ba ɗalibansa minti goma sha biyar su rubuta sunayen duk waɗanda suka yi musu ɗawainiya a zangon, da sharaɗin cewa rabin sunayen su kasance na mutanen da ba sa riƙe alli. A nan ne yara suke tuna masu dafa abinci, waɗanda suke hura wuta tun kafin asuba a cikin sanyin hunturu don a sami kunu ko shayi kafin a shiga aji, hayaƙin itace yana sa su hawaye. Suna tuna uwar ɗakin kwana da ta raka yarinya asibiti da tsakar dare, da ma'aikacin jinya, da masinja, da mai shara, da mai kula da laburare, da direban motar makaranta, da wanda yake tayar da injin ruwa. A makarantu da dama waɗannan mutane ma'aikatan wucin gadi ne, kuma ba kowannensu ne yake samun ko da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Idan akwai wani abu na hannu da za a bayar, a ganina su ne suka fi cancanta a fara da su, domin babu makin kowa a hannunsu, don haka babu zargi. Shugaban ɗalibai da sauran masu muƙami su jagoranci tawaga zuwa kicin, a durƙusa a gaishe su kamar yadda ake gaida iyaye a gida, a kira kowa da sunan da aka san shi da shi, a ce, "Inna, mun gode da ɗawainiya, Allah ya ba da lada."

Su kuma iyaye, Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Uban da ya zo ɗaukar ɗansa ya ƙara minti goma ya taka zuwa ofishin malamai, ya nemi malamin aji, ya yi masa hannu, ya ce, "Malam, na ga canji a wurin yaron nan, yanzu da kansa yake ɗaukar littafi." Wanda ba zai iya zuwa ba ya buga waya a lokacin da ya dace, ba da tsakar dare ko lokacin salla ba. Iyaye mata, waɗanda sau da yawa su ne suka fi sanin halin da yaro yake ciki, suna iya aika saƙon murya ga malama, ko su aika da wasiƙa ta hannun yaron.

Idan ana son yin kyauta, ya fi tsabta a bi ta ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta, a yi ta da sunan iyaye gaba ɗaya, a raba wa ma'aikata a fili. Buhun shinkafa ko na gero da azumi, sabulu da atamfa ko shadda da Sallah, kason naman layya ga maigadi da masu dafa abinci, duk waɗannan abubuwa ne da al'adarmu ta saba da su. Amma a nan akwai kuskuren da nake roƙon shugabannin ƙungiya su guje masa, wato yanka wa kowane yaro kuɗin da dole ya kawo. Da zarar an ce kowa ya kawo kaza, godiya ta koma haraji, kuma maraya ko ɗan manomin da damina ba ta yi masa kyau ba shi ne zai sunkuyar da kai ranar da ake kiran suna. A ajiye akwati a rufe, mai hali ya sa abin da ya sawwaƙa, kada a karanta sunan kowa. Wanda ba shi da abin bayarwa kuma kada ya ji ya gaza, domin Tirmizi ya ruwaito cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai yin "jazakallahu khairan", to ya kai matuƙa wajen yabo.

Akwai iyaka guda da ya wajaba a tsare. Ɗaliba ba ta zuwa gidan malami namiji ita kaɗai da sunan kai godiya ko gaisuwar Sallah, kuma ba a buɗe hirar sirri a waya tsakaninsu da wannan hujja. Ta ba da wasiƙarta a makaranta a gaban mutane, ko ta bi ta hannun iyayenta. Wannan kariya ce gare ta, kuma kariya ce ga mutuncin malamin. Haka nan kafin a ɗora hoton malami ko na ɗalibai a Facebook ko WhatsApp da sunan yabo, a nemi izini.

Shugaban makaranta shi ma yana bin mu bashin godiya, kuma shi ma yana da wanda zai biya. Ranar Malamai ta Duniya, wadda ake yi kowace 5 ga Oktoba tun 1994, tana zuwa ne a farkon zango, kuma yawanci jawabai ne na gaba ɗaya. Taron safe na ƙarshe kafin hutu ya fi ta amfani, domin a nan shugaba yana iya kiran sunan malamin da bai taɓa makara ba, da wadda ta riƙe aji biyu lokacin da abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa, a gaban ɗalibai duka. Kada a manta da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun kafa shirin a 1973 ake turawa jihohin da ba nasu ba. Da yawa daga cikinsu sun zo daga Kudu, ba su san kowa a garin ba, kuma kwanon abincin Sallah da aka aika musu daga gidan wani ɗalibi yana iya zama abin da za su riƙa tunawa da Arewa har tsufansu. A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Yola, inda Musulmi da Kirista suke koyarwa a ofishi ɗaya, kamata ya yi a taya malami Kirista murnar Kirsimeti da irin kulawar da aka taya abokin aikinsa murnar Sallah.

Malamai kuma kada mu ɗauka mu ne kawai masu karɓa. A takardar sakamako akwai gurbin da malamin aji yake rubuta ra'ayinsa, kuma yawancinmu jimla ɗaya muke maimaita wa yara hamsin, cewa a ƙara ƙoƙari. Wannan gurbi yana ɗaukar jimlar da za ta ce yaron nan shi ne ya riƙa share allo ba tare da an sa shi ba, ko kuma mun gode wa mahaifiyarsa da ba ta taɓa bari ya yi fashi ba. Uwar da take sayar da ƙosai ko awara don ta biya kuɗin littattafai, idan aka karanta mata wannan layi a tsakar gida, ta san an ga wahalarta.

Idan ɗalibi ya isa gida, sauran godiyar tana jiransa a can. Ya miƙa wa mahaifinsa takardar sakamako da hannu biyu ko da makin bai yi daɗi ba, ya gode da kuɗin makaranta da garin kwaki da ƙuli-ƙulin da aka riƙa kai masa ranar ziyara, sannan ya nuna godiyar a aikace, ya karɓi ɗiban ruwa da zuwa gona ko tsaron shago daga hannun ƙannensa da suka yi wata uku suna yi a madadinsa. Ya je ya gaida kawu ko gwaggon da ta cika kuɗin jarrabawa, domin irin waɗannan su ne aka fi mantawa da su.

Ƴan aji shida kuwa su sani cewa ba za su dawo a Satumba ba, kuma kafin su waiwayo wataƙila an yi wa malamin canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Saboda haka su rubuta wasiƙunsu tun kafin takardar NECO ta ƙarshe, su riƙe su a akwati, ranar fita su miƙa wa kowa tasa. Iyayensu su karɓi lambar wayar malamin aji, domin ranar da sakamako ya fito ko aka sami gurbin shiga jami'a a kira shi a gaya masa. A hanyar fita kuma a sauke akwati a bakin ƙofa, a yi sallama da maigadi.